Jawabi ga Makiyaya da Fataken Shanu a Malanville: Kada Waya Ta Cinye Mana Kuɗin Dusa

 

Abin da ya tara mu yau kuka ne da ya yi yawa a ofishin ƙungiya. Mutum zai sa kiredi na jaka biyu ko uku da dare, gari ya waye ba ko dala. Wani ɗan'uwanmu da ke kiwo bakin kogi ya wayi gari saniyarsa na naƙuda, ya ɗauki waya zai kira likitan dabbobi, aka ce masa ba shi da kuɗi. Kafin ya samu aron waya, maraƙin ya mutu.

Jama'a, ga inda kuɗin ke bi. Mu nan kogin Kwara kaɗai ya raba mu da Gaya. Ko da aka rufe gada a 2023, rezo bai tsaya a kan iyaka ba. Idan ka gangara bakin ruwa da layin Benin, MTN ne ko Moov ko Celtiis, wayarka tana iya kama rezon Nijar da kanta. Daga nan an ɗauke ka baƙo a wata ƙasa, kuma kuɗin baƙo ya fi tsada. Na biyu, idan forfe ya ƙare intanet na kunne, a wasu layukan sai a koma cin kiredinka.

Don haka muna roƙonku abu huɗu.

Na farko, ku kai wayarku wa yaron da ya iya, ya kashe intanet na ƙetare, ya kuma sa waya ta tsaya kan rezon layinku kaɗai.

Na biyu, kada a kunna intanet sai an sayi forfe, a kuma san ranar ƙarewarsa.

Na uku, a hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. Dillali a kasuwar Gene, hoto biyu da saƙon murya sun isa mai saye ya ga sa. Bidiyo shi ne kurar mega.

Na huɗu, mai ƙetarewa Gaya ko Kamba ya riƙe layin can daban.

Kuma kada mu raina bakinmu. A 2018 gwamnati ta ɗora harajin dala ɗaya kan kowane mega na WhatsApp da Facebook, jama'a suka yi ca, a watan Satumba aka janye shi. Wanda aka cire wa kuɗi bai gane dalili ba, kada ya goge saƙon. Ya kawo mana, mu haɗa mu kai kuka ga hukumar ARCEP.

Allah Ya albarkaci garkenmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.