Wayar Sana'a: Me Za Mu Duba Kafin Mu Fitar Da Kuɗi?

 An roƙe mu mu yi magana a kan zaɓen babbar waya domin masu ƙananan sana'o'i. Wani zai ce ai wannan zancen yara ne. Amma mu da ake kawo wa ƙara mun san ba haka ba ne, gama a 'yan shekarun nan rigimar kuɗi da yawa da ta zo gaban dattawa, in aka bi sawunta, a kan waya take tsayawa. Wannan ya ce ya tura, wancan ya ce bai gani ba. Wata ta ci bashin waya, jarinta ya karye.

Mu tuna inda muka fito. A shekarar 2001 ne aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Waya a wancan zamani ta gaisuwa ce da sanar da rasuwa. Abin da ya juya al'amarin ga ɗan kasuwa shi ne canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin takardun naira a Disambar 2022, kuma daga Janairu zuwa Maris na 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Dukanmu mun sha wannan wahala. Mai doya, mai ƙosai, tela da mai faci, wanda ba ya karɓar tiransifa ya zauna yana kallon ciniki yana wuce shi. Takardun kuɗi sun dawo, amma masu saye ba su koma yadda suke a dā ba. Saboda haka wayar ɗan kasuwa yanzu ita ce aljihunsa, ita ce kuma ƙofar shagonsa. Da wannan ido ya kamata a zaɓe ta, yadda manomi ke zaɓen garma, ba yadda ake zaɓen kayan biki ba.

Abu na fari shi ne batir, kuma muna so mu daɗe a nan kaɗan. Yawancinmu muna zaune inda wuta ba ta da alkawari, waɗansu ƙauyukanmu ma ba a kai musu turakun ba tukuna. Wayar da ta mutu da ƙarfe biyu na rana a ranar kasuwa, kome kyanta, ta ci amanar mai ita. A jikin kwalin waya ana rubuta ƙarfin batir da lamba, a bi ta da haruffan mAh. Ku nemi mai 5000 ko fiye, irin wannan kuwa yanzu ana samunsa har a wayoyi masu sauƙin kuɗi. Ku duba bakin caji kuma. Mai suna Type-C shi ne ake yayi yanzu, shi za ka fi samun aronsa a kasuwa ranar da ka manta naka a gida. In kuɗinka ya isa waya mai tsada ɗaya kawai, gara ka sauko ka sayi matsakaiciya, ragowar ka sayi ɗan faifan sola na caji. Ka lissafa abin da kake ba mai caji kowace rana, ka tara na wata shida, za ka ga dalilinmu. Ban da haka, duk lokacin da wayarka take kwance a teburin mai caji, shagonka ne ka bari a hannun wani.

Sai ƙwaƙwalwar waya. Lambobi biyu ne ake rubutawa, mai sayarwa kuma yakan haɗa su ya rikita mutum. Ƙaramar, wadda ake kira RAM, ita ce ke sa waya ta yi sauri ko nawa. Babbar ita ce rumbun da hotuna da saƙonni ke taruwa. Ga mai amfani da WhatsApp da manhajar banki, shawararmu RAM ta kai 4, rumbu kuma kada ya gaza 64. In tela ne ko mai kayan ɗaki da ke tura hotuna kullum, ya nemi 128. A yi hankali da kwalin da aka rubuta 4+4: ta biyun aro ce daga rumbu, ba ta kai ta ainihi ba. Wayar da ta gaza wannan takan tsaya cik daidai lokacin da mai saye ke tsaye a kanka yana jiran ka ce kuɗi sun shigo.

Kusan kowace waya yanzu tana cin layi biyu, sai dai kafin ka sayi layi ka tambayi maƙwabtanka na kasuwa wane sabis ne ke kamawa a rumfarku, gama wanda ke aiki a cikin gari ba lalle ya yi aiki a kasuwar ƙauye ba. Maganar 5G kuwa, an fara ta a ƙasar nan a 2022 a manyan birane, mai sayar da hatsi ba ya bukatar ya ƙara ko sisi dominta; 4G ta ishe shi. Haka ma yawan idanun kyamara a bayan waya. Hoton atamfa da aka ɗauka da hasken safiya a bakin ƙofa ya fi wanda aka ɗauka da waya mai ido huɗu a cikin duhun shago.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: in ta fashe, wa zai gyara? Waya za ta faɗi, wannan ba makawa. Kafin ka saya, je wurin mai gyara na garinku ka tambaye shi wace iri ce yake samun gilashinta da batirinta ba tare da an aika Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ba, nawa ne kuma kuɗin. Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion, kuma yawansu a hannun jama'a ya sa kayan gyaransu suka wadata. Samsung da Redmi ma suna da masu sauƙin kuɗi. Ba talla muke yi wa kowa ba. Muna cewa ne wayar da gilashinta ya kai rabin kuɗinta ba ta mai ƙaramin jari ba ce.

Game da wayar gwanjo, ba mu hana ba, amma da sharaɗi. Ka danna *#06# a kanta, lamba mai tsawo za ta fito, sunanta IMEI. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. Ka sa mai sayarwa ya cire asusunsa na Google a gabanka, in ba haka ba wata rana wayar za ta kulle ta nemi kalmar sirrin mutumin da ba ka san inda yake ba. Ka karɓi rasit mai suna da lambar shago. Wanda ya tare ka a tasha da waya mai kyau a rabin kuɗi, ka wuce abinka. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma in aka biyo sawun wayar, wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa. Tsohuwar waya kuma tana da ranar da manhajoji ke barinta: a Oktoban 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin Android da ba su kai lamba 5 ba, irin wannan yankan kuma yakan sake zuwa.

Sayen waya bashi shi ne ya fi damunmu. Ana ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, ranar da ka makara kuma a kulle ta daga nesa. Kafin ka sa hannu, ka haɗa kafin alƙalami da dukan biyan da za ka yi har ƙarshe, ka ajiye kusa da farashin wayar in da tsaba za ka saya. Bambancin shi ne abin da za ka ciro daga ribarka. In ribar mako ba za ta ɗauki biyan mako ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba, a jira kwasar adashi. Mu kuma tuna cewa waya tana ci kullum: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Wannan ma ya shiga lissafi.

Yanzu ga abin da ya fi wayar kanta muhimmanci, wato layin da ke cikinta. Wata 'yar'uwa mai sayar da manja ta zo wurinmu da kuka. An zare mata waya a kasuwa da yamma, ta ce bari gari ya waye ta je ofis. Kafin safiya an kwashe abin da ke asusunta, har da kuɗin adashin mata tara da ke hannunta. Ɓarawon bai damu da wayar ba. Layin ya cire ya sa a wata, gama layin ne banki ya sani. Ranar da ka sayi waya, kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, ka sa wa layin lambar sirri tasa, dabam da ta buɗe waya. Ka lura, in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle ya nemi lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki, don haka a adana katin nan. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Layin kuma ya kasance da sunanka da lambar NIN taka, wadda gwamnati ta ce a haɗa da layi tun Disambar 2020. Iyayenmu mata da yawa suna kasuwanci da layin da ɗa ko suruki ya yi wa rajista. Ranar da ya ɓace, ba kai za a ba sabo ba, mai sunan za a nema.

A WhatsApp ma akwai wurin sa lambar sirri mai lamba shida. In wani ya kira ya ce an turo maka lamba ka karanto masa domin a sa ka a taron zumunta ko jerin masu tallafi, kashe wayarka. Da wannan lamba ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a bi abokan cinikinsa ana roƙon kuɗi da sunansa.

Alat na ƙarya kuma ya yi yawa. Saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit a wayar mai saye ma ba shaida ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin da idonka kafin kaya su bar rumfa. Ko ɗan'uwa ne, a yi haka, kada kuma wanda aka ce ya ɗan jira ya ji haushi.

Dattawa, mun san waɗansunku ido ya yi rauni, karatun boko kuma bai yi nisa ba. Ba dole ne kowa ya riƙe babbar waya ba. Ƙaramar waya mai maɓalli tana duba asusu, tana tura kuɗi ba tare da intanet ba, cajinta kuma yana kwanaki. Masu sana'a da dama suna barin layin banki a ƙaramar, babbar kuwa ta hotuna da hira da masu saye, domin ita ce yara ke ɗauka su yi wasa. In jika ne ke danna maka, ya danna a gabanka, lambar sirri kuwa kai za ka sa da hannunka. Littafin bashi na takarda kuma kada a jefar da shi. A rubuta a waya, a rubuta a littafi, kowace yamma kafin a rufe shago.

 Wanda ya zo da wayarsa, matasa suna bakin ƙofa bayan an tashi, za su nuna masa inda ake sa wa layi lambar sirri.