JAWABI A KAN TAƁIN HANKALI DA SOJOJIN JINI

Iyayenmu dattawa, iyaye mata, da ƴan'uwa ƴan ci-rani da suka zo daga Kano da Yamai da Agadas, sannunku da zuwa.

Maganar yau ta shafi kowane gida a ƙasar Damagaram. Duk mun san saurayin da ya tafi bida lafiya lau, aka maido shi yana jin muryoyi, yana zargin kowa. Wasu su ce iskoki, wasu sammu, ƙarshenta a sa masa mari. Likitoci suna kiran ɗaya daga irin wannan ciwo sikizofireniya. A shekarar 2022 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce yana kama mutum 1 cikin 300.

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Su ne sojojin jini. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata masu gadi, ana kiran su mikrogiliya. Ban da gadi, suna rage hanyoyin da suka yi yawa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda manomin Matamaye yake rage wa gawo rassa don ya miƙe. Wannan aiki yana ƙaruwa lokacin samartaka. A shekarar 2016 masu bincike na Harbad, a Amurka, sun gano cewa wani abin gado mai suna C4, wanda yake yi wa rassan alamar sara, in ya yi ƙarfi yana ƙara haɗarin ciwon. Suna ganin saran ne yake wuce kima. Ku lura, ciwon ya fi fitowa daga ƙarshen samartaka zuwa shekara 30, daidai lokacin da yaranmu suke fara ci-rani.

Akwai kuma wani ciwo dabam, wanda likita Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana a 2007. A nan sojojin jini ne suke kuskure su auka wa ƙwaƙwalwa. Cikin ƴan kwanaki ko makonni mutum ya rikice, ya daina barci, wani har da farfaɗiya. Ba shi da yawa, amma in an gane shi da wuri aka kwantar da sojojin, da dama suna warkewa.

Mu a nan, abin da ya fi kusa da mu shi ne zazzaɓi mai hawa kai da sanƙarau. Daga watan Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, OMS ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Zinder, 18 suka rasu. Yaƙin da jiki yake yi da irin waɗannan cututtuka yana kumbura ƙwaƙwalwa, kuma wasu da suka tashi sukan rage da kurumta ko canjin hali.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu.

Na ɗaya: wanda ya rikice farat ɗaya, musamman da zafin jiki ko ƙagewar wuya, a kai shi likita ran nan. Kwana guda yana iya raba rai da ajali.

Na biyu: wanda halinsa ya canja sannu a hankali, a kai shi babban asibitin Zinder a duba. Addu'a ba ta hana magani.

Na uku: in an ba shi magani, kada a tsaida don ya ji sauƙi. Kuma kada wani ya ji wannan jawabi ya je ya sayi ƙwayar kumburi wurin mai talla. Wannan aikin likita ne.

Na huɗu: mata masu ciki su riƙa zuwa awo, su kwana cikin gidan sauro, a kai yara rigakafi. Ƴan ci-rani kuma, in ɗan ɗakinku ya daina barci yana magana shi kaɗai, ku sanar da gida tun da sauran dama.

Iyayenmu, mai wannan ciwo ɗanmu ne, jikinsa ne ya samu matsala kamar mai ciwon suga. A kwance marin, a ci abinci tare da shi, a daina kiran sa mahaukaci a gaban yara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya maida kowa gidansa lafiya. Wassalam.