Laburaren Makaranta da Mai Kula da Shi a Ƙasar Gobir



Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977 bayan fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, ta sanya laburare cikin muhimman abubuwan da makaranta ke bukata. Dalili kuwa shi ne, ilmin da yaro ya nemo da kansa ya fi zama a zuciya bisa ga wanda aka shifta masa ya haddace. Wannan shi ake nufi da koyo ta hanyar kayan bincike, watau malami ya ba da tambaya, ɗalibi ya bi littattafai da taswirori da muryoyin da aka naɗa har ya kai ga amsa.

Alal misali, a ɗauki darasin faɗuwar Alƙalawa a 1808. Kufan birnin yana cikin ƙasar Sabon Birni. Malami na iya rubuta shekarar a allo ya wuce. Amma inda akwai ƙwararren mai kula da laburare, zai ajiye wa ɗalibai Infakul Maisuri na Muhammadu Bello, da taswirar Gulbin Rima, da labarin da dattawan Gobirawa ke bayarwa, har da na 'yan'uwansu na Tsibiri a Jamhuriyar Nijar. Yaron da ya ga ruwayoyi sun saɓa, tilas ya auna hujja, kuma auna hujja shi ne mafarin bincike. Haka nan a Isa, waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, taska ce ta nazarin harshe da sarauta, muddin an tattara su, an jera su, an san inda kowace take. Wannan jerawa ita ce aikin mai laburare. In babu shi, ɗakin ya zama rumbun gara.

Sai dai akwai babban ƙalubale. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, karatun yara da yawa ya yanke. Ginin makaranta ba ya ƙaura, amma akwatin littattafai yana iya bin yara duk inda suka sauka. Nana Asma'u ta nuna hanyar tun ƙarni na 19, da ta riƙa tura jajis su kai karatu ga matan ƙauyuka.

Saboda haka ya kamata ma'aikatan hukumar ilmi su ware wa laburare kasonsa a kasafin kuɗi, su horar da malami ɗaya a kowace makaranta, su kuma sanya sa'ar laburare cikin jadawalin darussa. Ɗaliban jami'a kuwa, in sun je hutu gida, su naɗo labaran dattawa tun suna raye, su miƙa wa makarantunsu na dā.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu.