MILIYON GUDA: YADDA AKE RUBUTA TA, YADDA TAKE RABUWA

Ga jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi ma manoman wata ƙungiya ta jihar Maradi, kafin ranar rabon riba.

Yau magana a kan miliyon guda ce. Ana rubuta ta haka: 1.000.000, wato ɗaya da sifiri shida. Dubu ce sau dubu. Zamanin wuri, keso guda wuri 20.000 ne, saboda haka sai an tara keso 50 kafin a samu miliyon. In mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya yi kwana 11 da ƴan kai bai gama ba.

Wurin kuɗi ne ake yin tuntuɓe. A kasuwa ana ƙirga da dala, amma takardar banki da ta ƙungiya da tamma ake rubuta su. Dala guda tamma 5 ce, jikka guda tamma 1.000. Ke nan in takarda ta ce 1.000.000, jikka dubu ce, ko dala 200.000. In sifiri guda ya faɗi, aka rubuta 100.000, jikka ɗari kaɗai ta rage, jikka 900 sun tafi. Wanda zai sa hannu ya aza yatsa ya ƙirga sifirin ɗaya bayan ɗaya, ko da ma'aji ɗan'uwansa ne.

Sai rabo. Miliyon cika ce, ba mara ba, tana rabuwa biyu daidai. Tushenta 2 da 5 ne kawai, don 10 aka riɓanya sau shida, 10 kuwa 2 ce sau 5. Shi ya sa take rabuwa ga mutum 4, 5, 8, 10, 16, 20 ko 25 ba saura. Mutum 8, kowa jikka 125. Mutum 40, kowa jikka 25. Lambobin da ke raba ta daidai guda 49 ne.

Amma ba ta rabuwa ga mutum 3, ko 7, ko 9, ko 11, ko 13. Abin mamaki, a duk waɗannan tamma guda ce take saura. Ga mutum 3, lissafi ya ce kowa 333.333. To, wa ke da canjin tamma 3 a aljihu? Sai a koma ga dala: kowa ya ɗauki dala 66.666, dala 2 su saura. Wannan ba cuta ba ce, halin lambar ne. A rubuta dala biyun nan cikin littafin ƙungiya, gaban kowa, kada gobe a ce ma'aji ya ci.

Aikin gida: kowa ya raba miliyon ga mutum 32, ya rubuta amsa da tamma, kuma da dala, ya kawo ranar karatu mai zuwa.