Keken Tafiya Mai Nisa: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya Kuɗi



Kwamitin shirye-shirye ya nemi mu yi magana a kan abin da ya shafi matasanmu kai tsaye, sai muka zaɓi keke. Dalili kuwa a fili yake. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, mutane da yawa suka jingine babura suka koma ga dokin ƙarfen da suka raina a da. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda suna tara ɗan abin da suka samu su nufi kasuwar gwanjo, har wasu matasan suna haɗa ayari su yi tafiyar kwana biyu ko uku. Abin takaici shi ne da yawansu fenti suke saye. Abin da muke so kowa ya tafi da shi gida a yau shi ne: keken tafiya mai nisa, ana auna darajarsa ne da sauƙin gyaransa a wurin da ya lalace.

Tafiya mai nisa a kan keke tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Turai. A shekarar 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon buɗe ido da keke a Ingila, tun lokacin keke na da ƙatuwar tayar gaba da 'yar mitsitsiyar tayar baya. A kan irin wannan keke ne Thomas Stevens ya tashi daga San Faransisko a 1884, ya zagaya duniya, ya kammala a ƙarshen 1886. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai tayoyi kusan daidai da juna, kaca na jan tayar baya, sa'annan a 1888 Dunlop ya ƙirƙiro tayar da ake hura wa iska. A 1962 wani Bajamushe, Heinz Stücke, ya bar gida a kan keken ƙarfe mai giya uku kacal, ya shafe sama da shekara 50 yana yawon duniya. A 1963 wata mata 'yar Ayalan, Dervla Murphy, ta tuƙa keke ita kaɗai har Indiya. A nahiyarmu ma, tun 2003 aka fara shirya tafiyar keke daga Alƙahira zuwa Kef Tawun, kimanin kilomita 12,000 cikin wata huɗu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, keke ne abin da sabon malami kan fara mallaka da albashinsa. Kekunan Raleigh, waɗanda asalinsu birnin Notingham ne, sun karɓu a ƙasar nan har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwanni. A kansu malamai suka zagaya makarantun ƙauye, a kansu fatake suka yi ta dakon hatsi daga kasuwa zuwa kasuwa. Suna da nauyi, ba su da giya, amma babu kasuwar mako da ba za ka sami mai gyaransu ba. Wannan ne sirrin daɗewarsu.

To, bari mu fara da firam, wato ƙashin bayan keke, domin duk sauran kayan ana iya canza su. Iri uku ake samu a cikin kekunan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka da Japan: na ƙarfe, na alminiyon, da na zaren kabon. Matafiyan Turai sun daɗe suna muhawara a kansu, amma masu ratsa ƙasashe irin namu galibi ƙarfe suke zaɓa. Firam na ƙarfe in ya tsage, mai walda a kowane gari zai liƙe shi ka ƙarasa tafiyarka. In ya lanƙwashe kaɗan, ana iya miƙar da shi. Alminiyon bai da nauyi kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai waldarsa na buƙatar na'ura ta musamman, sa'annan a sake gasa shi bisa ƙa'ida kafin ƙarfinsa ya dawo. Na kabon kuwa an yi shi ne domin tsere, ba a masa walda sam, kuma yana iya samun rauni a ciki ido bai gani ba. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne.

Ƙarfen ma suna suka tara. Akwai mai kauri da nauyi na kekunan araha, akwai kuma wanda aka gauraya da wasu ma'adinai ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Idan ka ga 'yar takarda a jikin firam an rubuta Reynolds 531, wannan bututun ƙarfe ne da wani kamfanin Birmingham ya fara yi a 1935, kuma da shi aka ƙera shahararrun kekunan tafiya na Ingila, irin su Dawes Galaxy da ya fito a 1971. Haka nan lambar 4130 alama ce ta ƙarfe mai kyau. Irin wannan keke kan zo cikin tarin gwanjo da kodaɗɗen fenti, yara su wuce shi su rungumi mai ƙyalli, alhali da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu ga yadda ake duba keken gwanjo. Da farko ka shafa bututun da ke bayan wuyan keken, sama da ƙasa. In fentin ya tattare ko ka ji kumburi, keken ya taɓa yin karo. Ka tsaya daga gefe ka dubi ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da tayar gaba, kada ya kasance ya koma baya. Ka kifa keken ka duba ƙasan wurin da feda ke juyawa, domin nan ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci. Ka kwance sirdi ka ga ko sandarsa na hawa da sauka. Wadda ta maƙale sau da yawa sai an yanka. Sa'annan ka ɗaura zare a inda tayar baya ke shiga, ka zagayo da shi ta wuyan keken ka komo ɗaya gefen: tazarar zaren da bututun sirdi ta zama daidai hagu da dama, in ba haka ba firam ɗin ya karkace. Kaca kuwa, gaɓoɓi 12 na sabuwa inci 12 ne cif. In ta wuce haka da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta mutu, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran da take bi. A ƙarshe ka hau ka zagaya, ka tsaya kuma ƙafafunka a ƙasa, sandar sama a tsakaninsu, a sami ratar yatsu biyu ko uku. Keken da ya fi ka girma, ciwon baya ka saya.

Abubuwa uku ne suka raba keken tafiya da na wasa. Na ɗaya, ya kasance da ƙofofin noti a firam domin ɗaura kariya. Na biyu, tayar baya ta kasance da sifok 36, domin ita ke ɗauke da kai da kayanka. Na uku, girman tayar ya zama wanda ake samu a kasuwanninmu, wato inci 26 ko 28. Siririyar tayar tsere tana nutsewa a yashi, kuma ba kowace kasuwa ce ke da madadinta ba. Haka kuma birkin waya ya fi birki mai amfani da mai, domin kowane bakanike zai iya da shi.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba a matsayinmu na malamai. Kowane keke na da lamba a buge a jikin firam, galibi a ƙarƙashin wurin feda. In ka ga an goge ta, ka ajiye keken ka yi gaba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar, ka sayi kayanka a gaban shaida. Arahar da za ta kai yaro ofishin 'yan sanda ba araha ba ce.

Sai kayan kwana. Bature yakan ɗauki tanti da jakar barci mai kauri da ɗan murhun gas, saboda sanyin ƙasarsa da dusar ƙanƙara. Irin waɗannan kaya suna zuwa gwanjo, amma ba dukkansu ne suka dace da mu ba. Abokin gabarmu da dare sauro ne, don haka gidan sauro mai magani shi ne kan gaba, sai tabarma mara nauyi, da bargo lokacin hunturu, da leda mai faɗi lokacin damina. Wanda zai sayi tanti, ya kafa shi a gaban mai sayarwa, ya gwada zif, ya ƙirga sanduna, ya ɗaga ƙasansa ga hasken rana ya nemi huda. Ya kuma zaɓi wanda ke tsayawa da kansa, domin turke ba ya kama yashi. Murhun da tukunyar gas ɗinsa sai a babban birni ake samu, kaya ne kawai. Guzurinmu na gargajiya, dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da garin rogo, ba ya buƙatar wuta kuma ba ya lalacewa da wuri.

A tuna cewa litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ruwa ne abin da ba a ragewa, saboda haka a rage sauran. Kaya masu nauyi su sauka ƙasa a jaka biyu, hagu da dama, nauyinsu daidai. Tulin kaya a saman kariya yana sa keke rawa a gangara. Kada a bar famfo, da tiyub na ajiya, da faci da sholisho, da sifana, da filaya, da 'yan sifok, da fitila.

Game da masauki, al'adarmu ta fi tanti tsaro. Matafiyi ya isa gari kafin magariba, ya gabatar da kansa ga mai unguwa ko dagaci, ya tambayi lafiyar hanyar gobe, domin kowa ya san akwai hanyoyin da ba su biyuwa a wasu yankunanmu, kuma matambayi ba ya ɓata. Ba a tafiyar dare, ba a kwana a cikin busasshen rafi da damina, domin ruwan da aka yi a wani wuri yakan iso ba sallama.

Muna da shawarwari biyu ga ƙungiya. Na farko, a nemi tsofaffin masu gyaran keke na garin nan, tun suna da sauran ƙarfi, a haɗa su da yara ko da guda goma su koyi ɗaurin wili da gyaran giya. Na biyu, duk lokacin da ƙungiya za ta taimaka wa ɗaliban ƙauyukanmu da kekuna, a sayi iri ɗaya, na ƙarfe, masu girman taya ɗaya, domin kayan wannan su shiga wancan. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.