Yadda Za Mu Kula Da Injin Sanyaya Ɗaki

Yau maganarmu a kan injin sanyaya ɗaki ce, wanda mutanen birni ke kira esi. Wani ya ce, ina ruwan ƙauye da shi? To, ai ya iso mana. Akwai shi a wasu asibitoci da masallatai, da gidajen da 'ya'yanmu ke aiki a birni. Abu ne mai tsada, yawancin ɓacinsa kuwa daga rashin kula ne.

Wani mutumin Amurka, Willis Carrier, shi ya ƙago shi a shekarar 1902. Ya yi shi ne domin wani gidan buga takardu, inda laima ke ɓata musu aiki. Daga baya ya shiga gidaje.

Mu duka mun san randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Aikin injin nan ke nan, watau kwashe zafi. Akwai gas cikin bututu, yana kewayawa tsakanin sashen da ke cikin ɗaki da sashen da ke waje. A ciki ya kwashi zafi, a waje ya zubar. Saboda haka dole iska ta ratsa sassan nan biyu. In ƙura ta toshe su, injin ya yi ta wahala, ya sha wuta da yawa, ba sanyi.

Mu bi shekara daki-daki.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. In mun ɗaga murfin sashen ciki za mu ga wata raga, ita ce filta, mai tace iska. Mu kashe wuta tukuna, mu zare ta, mu wanke da ruwa da ɗan sabulu, mu shanya a inuwa. Sai ta bushe sarai za mu mayar. In ana amfani da injin, a yi haka ko wane mako 2. In an ajiye shi saboda sanyi, a rufe sashen waje, amma kada a manta a buɗe kafin a kunna.

Kafin bazara, cikin watan Fabrairu, shi ne lokacin kiran mai gyara. Ya wanke sashen waje, ya duba wayoyi, domin ɓera na cinye su, ƙadangare kuma na shiga ciki. Kada mu jira Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kowa na neman mai gyara. Rigakafi ya fi magani. Kada a jingina buhu ko itace jikin sashen waje. A rufe ƙofa da taga, a saita injin wajen 25, ya isa.

Da damina injin na tsotse laima daga iska, ruwan ya fita waje ta wani ɗan bututu. In muka ga ruwa na ɗiga cikin ɗaki, galibi bututun nan ne ya toshe, ko da datti, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa. A share shi. Ruwan nan ba na sha ba ne. A tara a bokiti a ba shuka, kada ya kwanta sauro ya yi ƙwai.

Sa'an nan ga maganar wuta. In an ɗauke an maido, mu dakata minti 3 kafin mu kunna, kada kwamfuresa, watau zuciyar injin, ta ƙone. Inda wuta ke hawa da sauka, a sa masa sitabilaiza. In da janareta ake amfani, ya zauna waje, nesa da taga. Hayaƙinsa na da guba marar wari, yana kashe mutane cikin barci, balle a ɗaki rufaffe.

Akwai aikin da ba namu ba. In an wanke filta amma ƙanƙara na taruwa a bututu, ko muka ji ƙauri, ko baƙuwar ƙara, mu kashe, mu kira mai gyara. Kada mu kwance injin da kanmu. Akwai wurin da ke riƙe wuta ko bayan an kashe, wani gas ɗin kuma yana kama wuta.

Ku lura da wannan ƙwarai. Gas ɗin ba ya ƙarewa kamar man fetur, kewayawa kawai yake yi. In ya ragu, wani wuri ne ke yoyo. In mai gyara ya ce zai ƙara gas, mu ce ya nemo hujin ya like tukuna. In ba haka ba, zuba ruwa ne a kwando, mu yi ta biya.

Ga amfanin karatu. Wanda ya iya rubutu sai ya manna takarda a bango, ya riƙa rubuta ranar da aka wanke filta, da ranar da mai gyara ya zo, da abin da ya karɓa. Ba mai cutarsa.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya rubuta: hunturu a wanke filta, kafin bazara a kira mai gyara, damina a share bututu. Gobe za mu karanta tare.