Motar da ke tuƙa kanta: in ta taka mutum, wa za a kama?

 

Yau ina so mu yi magana a kan motar da ke tafiya ba direba a ciki. Na san wani zai ce a ransa: mu da muke fama da ramukan hanya da tsadar mai, ina ruwanmu da wannan? Ku yi haƙuri ku biyo ni, zan zo kan ruwanmu. Amma bari mu fara zuwa inda abin yake faruwa, domin a can ne aka riga aka zubar da jini, aka shiga kotu, kuma a can ne ake rubuta dokokin da wata rana za a kawo mana a ce mu sa hannu.

Motar nan ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Google ya fara aikinta a 2009, aikin da ya koma kamfanin Waymo. A watan Oktoba na 2020 suka buɗe wa jama'a tasi marar direba a birnin Finiks na Amurka, daga baya suka shiga San Faransisko da Los Anjalas. A 2025 kamfanin ya ce yana ɗaukar fasinja sama da sau 250,000 a kowane mako. A Sin ma kamfanin Baidu yana da ɗaruruwan irin waɗannan motoci a birnin Wuhan. Yadda take aiki shi ne, an kewaye ta da kyamarori, da na'urar rada, da wata na'ura mai harba haske tana auna nisan kowane abu. An kuma loda mata taswirar unguwannin da za ta bi, lungu da saƙo. Kwamfutar cikinta ita ke haɗa duk wannan, ta yi hasashen inda kowa zai nufa, sannan ta murza sitiyari ko ta taka birki.

Masu yin ta suna da hujja mai nauyi, kuma adalci ne mu faɗe ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inku ke nan. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya don ta kwana tana tuƙi, ba ta duba WhatsApp a kan sitiyari. A ƙarshen 2024 Waymo da kamfanin inshora na Swiss Re sun fitar da nazari a kan tafiyar mil miliyan 25.3, suka ce neman diyyar rauni ya ragu da kashi 92 cikin 100 idan aka gwada da direbobi mutane. Kamfanin da ke sayar da abin yana cikin masu nazarin, saboda haka mu riƙe adadin da hankali. Duk da haka, in har motar tana rage mutuwa, wanda ya ce a hana ta gaba ɗaya shi ma yana da tambayar da zai amsa.

To amma ku saurari abin da ya faru daren 18 ga Maris 2018 a garin Tempe, jihar Arizona. Wata mata ƴar shekara 49 tana tura kekenta za ta tsallaka titi, motar gwaji ta kamfanin Uber ta banke ta, ta rasu. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar ta hango ta tun saura daƙiƙa 5.6. Sai dai ta kasa tsai da shawara: ta ce mota ce, ta ce keke ne, ta ce wani abu ne daban. Waɗanda suka tsara ta ba su sa mata tunanin cewa mutum zai iya tsallaka titi a wajen da ba a ware wa masu tafiya a ƙasa ba. Ƙari a kan haka, an kashe birkin gaggawa na asali da motar ta zo da shi daga masana'anta. Akwai wata ma'aikaciya da aka zaunar a kujerar direba don ta sa ido, ita kuma hankalinta yana kan wayarta.

Wa aka kama? A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce Uber ba shi da laifin da za a gurfanar da shi a kai. Ma'aikaciyar nan ita aka kai kotu, a 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin hatsari, aka yanke mata shekara 3 ƙarƙashin sa idon hukuma. Ba na cewa ba ta da laifi, tana da shi. Amma wanda ya kashe birki, da wanda ya tsara na'urar da ba ta san mai tsallaka titi ba, da wanda ya ce a fito da ita cikin jama'a, duk sun kwana a gidajensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ita ce matsala ta farko a wurina: idan aiki ya rarrabu tsakanin injiniya da kamfani da na'ura, laifi yakan gangaro ya faɗa kan mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Matsala ta biyu gaskiya ce. Ranar 2 ga Oktoba 2023 a San Faransisko, wani direba ya buge wata mata, ta faɗa gaban motar kamfanin Cruise marar direba. Motar ta taka ta, ta tsaya, sannan ta sake motsawa don ta koma gefen hanya, ta ja matar kusan mita 6 tana ƙarƙashinta. Da kamfanin ya kai rahoto ga hukuma, bai bayyana maganar jan nan ba. Kafin watan ya ƙare jihar Kalifoniya ta dakatar da izininsa, daga baya ya amsa cewa ya ba da rahoton da ba gaskiya ba, ya biya tara. A Disamba 2024 General Motors, uwar kamfanin, ta daina zuba kuɗi a harkar. Ku lura da wani abu: idan mota marar direba ta yi hatsari, shaidar gani da ido mafi ƙarfi ita ce motar kanta, kuma bayananta suna hannun wanda ake tuhuma. Idan a Amurka, mai hukumomi da lauyoyi da ƴan jarida masu bin diddigi, kamfani ya iya ɓoye rabin labari, ku auna yadda za ta kasance a ƙasar da jandarma zai zo wurin hatsari da biro da takarda kawai.

Na uku, wa motar take gani? Na'urar tana koyo ne daga miliyoyin hotuna da aka nuna mata, aka ce wannan mutum ne, wannan keke ne, wannan danja ce. Abin da ba a nuna mata da yawa ba, ba ta gane shi da kyau. A 2019 masu bincike a jami'ar fasaha ta Jojiya sun gwada wasu manhajojin gane mutane a hoto, suka ga sun fi kuskure a kan masu baƙar fata. Ba motocin kamfanoni suka gwada kai tsaye ba, amma gargaɗin a fili yake. Motar da ta yi karatunta a titunan Finiks ba ta taɓa haɗuwa da amalanken jaki ba, ko ayarin raƙuma, ko mai kabu-kabu da ya ɗauko mutum uku da buhu, ko ƙurar hunturu da ke rufe hanya da rana tsaka.

Su wa ke nuna wa na'urar hotunan nan? Matasa ne irinku. A Nairobi ta Kenya, da Benezuwela, da wasu ƙasashe masu arhar ƙwadago, mutane suna wuni gaban kwamfuta suna zagaye motoci da mutane da alamun hanya a hoto, ɗaya bayan ɗaya, a kan lada kaɗan. Motar da ake cewa tana tuƙa kanta, guminsu ne ya buɗe mata ido, kuma da yawansu ba za su taɓa shiga cikinta ba.

Na huɗu ita ce tambayar da aka fi yayatawa: idan birki ya ƙwace, hatsari ya zama dole, wa motar za ta kare? Cibiyar fasaha ta MIT ta yi wannan tambaya ga duniya ta intanet, ta tara amsoshi kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233, aka buga sakamakon a 2018. Mafi yawa sun zaɓi a ceci mutum a kan dabba, a ceci masu yawa a kan kaɗan, a ceci yaro a kan tsoho. Amma a ƙasashen gabashin Asiya fifita yaro a kan tsoho bai yi ƙarfi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a ƙasashen da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi, mutane sun fi yarda a ceci mai matsayi a bar marar galihu. Jamus ta ɗauki wata hanya tun 2017: kwamitinta na ɗa'a ya ce haramun ne na'ura ta bambanta mutane ta shekaru ko jinsi ko lafiyar jiki, kuma rai yana gaba da dukiya. Ni ina tare da wannan. Direba mutum da ya kauce cikin firgici, ana iya yi masa uzuri. Injiniyan da ya zauna a ofis shekara biyu kafin hatsarin ya rubuta wanda za a taka, wannan shawara ce ya yanke da gangan, kuma bai kamata a bar ta a hannun kamfani shi kaɗai ba.

Na biyar, abinci. A Amurka akwai direbobin manyan motocin kaya kusan miliyan 2, kuma a 2025 kamfanin Aurora ya fara tura tirela marar direba tsakanin Dalas da Hustan a jihar Teksas. A Wuhan, direbobin tasi sun koka a 2024 cewa motocin Baidu masu arha suna ƙwace musu fasinja. Ku da kuka san tasha, kun san direba ba shi kaɗai ke ci daga mota ba. Akwai karen mota, da ɗan kamasho, da mai faci, da mai tuwo a bakin hanya, da iyalin kowannensu. Idan aka cire direba, kuɗin da ake rabawa tsakanin dubban gidaje zai koma aljihun kamfani guda, sau da yawa a wata ƙasa. Sannan motar tana ɗaukar hoton duk titin da ta bi, dare da rana. A San Faransisko ƴan sanda sun riga sun nemi irin waɗannan hotuna a binciken laifuka. Yau ɓarawo ake nema da su, amma babu abin da zai hana gobe a nemi wanda ya halarci taro.

Yanzu ga ruwanmu. Ba na tsammanin za ku ga tasi marar direba a Yamai ko Maraɗi nan kusa. Amma motocin da muke hawa, yawancinsu waɗanda Turai da Amurka da Japan suka gama da su ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da aka fitar daga can tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Motocin da ake ƙerawa yau suna da na'urorin da ke riƙe sitiyari da taka birki da kansu, alhali har yanzu suna bukatar idon direba. Su ne za su sauka a hannunmu nan da ƴan shekaru, kyamararsu ta tsufa, babu mai gyaran da aka koya wa aikinta, kuma mai sayarwa zai ce maka ai wannan da kanta take tafiya. Ko a Amurka, a Disamba 2023 sai da Tesla ya yi wa motoci kusan miliyan 2 gyara saboda direbobi suna sakin jiki da na'urar fiye da kima.

Birtaniya ta yi doka a 2024 da ta ce idan mota tana tuƙa kanta, kamfanin da aka ba izini shi ke ɗaukar laifin tuƙin, ba wanda ke zaune a ciki ba. Irin wannan tambayar ya kamata mu fara yi wa namu masu yin doka tun yanzu: wa zai biya diyya, wa ke da ikon buɗe bayanan mota bayan hatsari, wace mota za a bari ta shigo, kuma wane tanadi aka yi wa direba? Masu karatun shari'a a cikinku, da masu karatun kwamfuta, da ƴaƴan direbobi, ku je ku zauna da ƙungiyoyin direbobi a tasha, ku ji ta bakinsu, ku rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ke da tambaya ko yake ganin na yi son kai a wani wuri, fili nasa ne.